Gidan Sardauna a Kaduna: yadda za ka ziyarci Arewa House ka fito da abin da ya fi hoto

Duk mai sauraron labaran siyasa a rediyo ya sha jin an ce "an yi taron ne a Arewa House", har wasu sun ɗauka zauren haya ne kawai, a yi jawabi a raba ruwan roba a watse. Alhali wannan gida mai lamba 1 a Titin Rabah, cikin garin Kaduna, shi ne gidan Firimiyan Jihar Arewa, Sir Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato. Daga nan ake juya yankin da ya ɗauke fiye da kashi biyu cikin uku na faɗin Najeriya, a nan kuma sojoji suka kashe shi kafin wayewar garin Asabar, 15 ga Janairu 1966. Yau gidan cibiyar bincike da adana tarihi ce ta Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. A harabar akwai gidan tarihi, da ɗakin karatu, da ma'ajiyar tsofaffin takardu, da kuma zauren taron da ya fi sauran suna.

Yawancin masu zuwa ba sa wuce minti ashirin. A leƙa, a ce "Allah ya jiƙan mazan jiya", a ɗauki hoto a ɗora a Facebook, a kama hanya. Ba laifi ba ne, amma asarar kuɗin mota ce. Wuri irin wannan ba ya yi wa mutum magana sai ya zo da tambaya a bakinsa.

Mataki na farko: san abin da ya kai ka

Mai son ganin kayan tarihi awa biyu sun ishe shi. Malamin da zai kai ɗalibai yana buƙatar takarda tun kafin ranar. Mai bincike kuwa, ɗalibin digiri ne ko ɗan jarida, ya shirya wa kwanaki, don takardu ba sa karantuwa a tsaye. Ka tsayar da wanne ne kai tun daga gida, saboda ofishin da za ka nema da abin da za ka riƙo sun bambanta.

Mataki na biyu: karatun daren jajibiri

Wannan ne matakin da aka fi tsallakewa, shi ne kuma ya fi amfani. Hoton mutum ashirin sanye da rawani ba zai gaya maka komai ba idan ba ka san shekarar da aka ɗauke shi da abin da ake ciki a lokacin ba. Ba sai ka haddace littafi ba. Ka riƙe wannan zaren kawai.

An haifi Ahmadu a garin Rabah ta ƙasar Sakkwato, wadda titin gidan ya ci sunanta. Jikan Sarkin Musulmi Abubakar na Rabah ne, wato tattaɓa-kunnen Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu. Ya yi Kwalejin Horon Malamai ta Katsina daga 1926 zuwa 1931, ya koma Sakkwato ya koyar a Midil, a 1934 aka naɗa shi hakimin Rabah. Da Sarkin Musulmi Hassan ya rasu a 1938 ya nemi gadon sarautar, amma aka naɗa Abubakar na Uku. Shi kuma Ahmadu aka ba shi Sardauna, aka tura shi Gusau. A can ne aka tuhume shi kan kuɗin jangali, kotun Sarkin Musulmi ta same shi da laifi, ya ɗaukaka ƙara aka wanke shi. Ka riƙe wannan, don mutumin da za ka gani a hotuna yana tsaye kan sarakuna ya taɓa ɗanɗana ikonsu a jikinsa.

Jam'iyyar Mutanen Arewa ta fara ne a matsayin ƙungiyar 'yan boko a ƙarshen shekarun 1940, ta rikiɗe ta zama jam'iyyar siyasa, NPC, a 1951. Kafin nan, ranar 8 ga Agusta 1950, wasu matasa sun kafa jam'iyyar adawa ta NEPU a Kano, wadda daga baya Malam Aminu Kano ya jagoranta. A 1953 Anthony Enahoro, ɗan majalisa daga Kudu, ya kawo ƙudurin a ba Najeriya mulkin kai a 1956, Sardauna ya nemi a cire shekarar a ce sai lokacin da hali ya yi. Aka yi wa wakilan Arewa ihu a Ikko, rikici ya ɓarke a Kano cikin watan Mayu. A 1954 Sardauna ya zama Firimiya. Arewa ta sami mulkin kai ranar 15 ga Maris 1959, kuma ba a zaɓi ranar da ka ba: ranar 15 ga Maris 1903 ce Turawa suka ci Sakkwato. A zaɓen tarayya na Disamba 1959 NPC ta ci kujeru 134 cikin 312, ta fi kowa. Sardauna, shugaban jam'iyyar da ya kamata ya tafi Ikko, ya zama Firayim Minista ya ce shi yana nan Kaduna, ya bar wa mataimakinsa Abubakar Tafawa Ɓalewa. Wannan zaɓin ne ya sa gidan Titin Rabah ya fi ƙarfin gidan gwamnatin yanki. Manyan shawarwarin ƙasa da yawa sai an biyo ta nan.

Idan kana da lokacin karatu, Sardauna ya bar tarihin rayuwarsa da Turanci, My Life, wanda ya fito a 1962. Sai dai ka lura da shekarar. Duk rigingimun da suka kai ga 1966, ƙidayar 1963 da zaɓen 1964 da rikicin Jihar Yamma, sun faru ne bayan ya ajiye alƙalami.

Mataki na uku: rana da lokaci

Sashen jami'a ne, saboda haka ranakun aiki ake samun ma'aikata. Litinin zuwa Alhamis, da hantsi, shi ya fi. Juma'a gajeriyar rana ce, kafin ka gama gaisawa an fara shirin masallaci. Ka guji ranakun hutun gwamnati, kuma idan ka ji ma'aikatan jami'o'i suna yajin aiki ka bincika kafin ka taso.

Abu na biyu, ka tambaya ko akwai taro ranar. Zauren gidan matattarar 'yan siyasa ce har yanzu. A watan Oktoba 2022 a nan manyan 'yan takarar shugaban ƙasa suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya suna amsa tambayoyin ƙungiyoyin Arewa. Ranar irin wannan taro ƙofa ta cika da jami'an tsaro da 'yan jagaliya da maroƙa, wanda zai zagaya da kai ma yana can yana jera kujeru. Idan kana da ɗan uwa a Kaduna, ka roƙe shi ya leƙa kwana ɗaya ko biyu kafin zuwanka ya tambayo. Zuwa da kai ya fi aike, amma aiken nan yana hana zuwan banza.

Game da yanayi, sanyin hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu ya fi daɗin yawo a haraba, in ka jure ƙura. Maris da Afrilu zafi ne. Agusta kuwa ruwan Kaduna ba ya sallama.

Mataki na huɗu: hanya

Daga Abuja akwai jirgin ƙasa da ke tashi daga Idu, ya tsaya Kubwa, ya sauke a Rigasa. Ana sayen tikiti ta intanet, kuma ka riƙe katin shaidarka na ɗan ƙasa. Rigasa tana can yammacin gari, da ɗan nisa, ka ƙara wannan a lissafin lokacinka. Mai tasowa daga Kano ko Katsina ko Sakkwato ta Zariya zai biyo ya sauka a Kawo, shi ya fi kusa, don gidan yana arewacin gari, wajen Unguwar Sarki. Daga Kawo Titin Ali Akilu ne ke shiga gari. Ka yi tafiyarka da rana, ka kuma koma da rana.

A cikin gari ka ce wa mai keke "Arewa House, Rabah Road", haka ake faɗa. Bakano ya lura: a Kaduna keke ake cewa, in ka ce a-daidaita-sahu an gane baƙo ne, kuɗin ma sai ya ƙaru. Ku yi ciniki kafin ka hau. In ka ce "Gidan Gwamnati" kuwa wani wuri za a kai ka daban, wato Gidan Sir Kashim Ibrahim inda gwamnan jiha yake.

Mataki na biyar: a bakin ƙofa

Sallama, gaisuwa, sannan bayani. Ka gaya wa masu gadi gidan tarihi ka zo gani, su nuna maka ofishin da ya dace. Idan an miƙo rajista ka rubuta sunanka, idan an nemi kuɗin shiga ka biya ka karɓi rasit. Riƙe 'yan canji a aljihu, kada ka dogara da tiransifa. Tambayoyi biyu za ka yi tun a nan: shin akwai ma'aikacin da zai zagaya da ni, kuma ina ne aka yarda a ɗauki hoto? Ta farkon ta fi muhimmanci. Rubutun da ke ƙarƙashin hoto layi ɗaya ne, ma'aikacin da ya shekara goma a wurin kuwa ya ji labari daga bakin tsofaffin da suka zo suka tsaya gaban hoton suka nuna kansu a ciki. Ka kira shi Malam, ko Hajiya in mace ce, ka bar shi ya gama zancensa kafin ka kawo naka.

Ka zo da ƙaramin littafi da biro. Waya tana ɗaukar hoto, amma ba ta tuna maka dalilin da ya sa ka ɗauka.

Mataki na shida: cikin gidan tarihin

Kafin ka shiga kowane ɗaki, ka ɗan tsaya a haraba ka tambayi mai rakiyarka wane gini ne na zamanin Firimiya, wanne aka gina daga baya. An yi wa gidan luguden wuta daren da aka kai hari, gobara ta ci wani sashe, an kuma yi gine-gine bayan an mayar da shi cibiya. Wanda bai yi wannan tambaya ba sai ya tsaya gaban ginin da aka yi bayan mutuwar mai gida yana share hawaye.

Abin da ke ciki kashi biyu ne a dunƙule: abin da ya shafi Sardauna da gwamnatinsa, wato hotuna da takardu da tufafi da kayan amfaninsa, sai kuma kayan al'adun al'ummomin Arewa. Ka fara da na farkon tun idonka bai gaji ba.

Kayan sawa da na ɗaki su ne mutane suka fi tsayawa a kai, kuma kusan kowa abu ɗaya yake faɗa: dubi sauƙin rayuwa, ina ma shugabannin yanzu. Gaskiya ne ba a san shi da tara dukiya ba, abokan hamayyarsa ma ba nan suka fi kama shi ba. Amma in a nan ka tsaya, abin da ka zo da shi daga gida shi ka koma da shi. Hotunan taro su ne ainihin karatun, ga yadda nake bi da su.

Na farko, shekara. Kafin Maris 1959 Gwamna Bature ne ke shugabantar Majalisar Zartarwa, daga ranar mulkin kai Firimiya ya karɓa. Saboda haka ka duba wa ke zaune a tsakiya. Idan ka ga Sir Bryan Sharwood-Smith, wanda Hausawa suka laƙaba wa Mai Wandon Ƙarfe, hoton bai wuce 1957 ba. Bayansa Sir Gawain Bell ne har 1962, sannan Sir Kashim Ibrahim, ɗan ƙasa na farko da ya riƙe gwamnan Arewa. Da fuskoki uku kacal ka iya sa wa hotuna da yawa shekara ko da rubutun ƙasansu ya goge.

Na biyu, sutura. Wa ya naɗa rawani mai kunne biyu, wa ya yafa alkyabba, wa ya sa hula kawai, wa ya sa kwat? Majalisar ministocin Sardauna cike take da masu sarautun gargajiya: Makaman Bida Aliyu a ma'aikatar kuɗi, Isa Kaita a ilimi, da ire-irensu da suka fito daga ofisoshin En'e, wato hukumomin mulkin sarakuna. Wannan shi ne ƙarfin NPC, shi ne kuma abin da 'yan adawa suke suka, cewa jam'iyyar sarakuna ce ta sa rigar zaɓe.

Na uku, sunaye. Karanta su ɗaya bayan ɗaya. Za ka ci karo da irin su Michael Audu Buba da George Ohikere da Jolly Tanko Yusuf, mutanen Filato da Kabba da Binuwai. Taken jam'iyyar shi ne Arewa ɗaya, al'umma ɗaya, ba bambancin addini ko matsayi ko ƙabila, kuma Arewar da ake nufi ta kai har Ilori da Lakwaja da Makurɗi. Yaron da ya tashi yana jin "Arewa" na nufin Bahaushe Musulmi kawai, hotunan nan za su gyara masa zama.

Na huɗu, ƙirga mata. Ba za ka wahala ba. A duk zamanin Jamhuriya ta Farko matan Arewa ba su da ƙuri'a, sai a shekarun 1970 suka samu.

Sai ayyuka. Duk inda ka ga hoton aza harsashi ko yanke kyalle, ka tambayi kanka ina wannan abin yake yau. Jami'ar Ahmadu Bello da aka buɗe ranar 4 ga Oktoba 1962 tana nan, ita ce ma mai gidan da kake tsaye. Gidan rediyo da talabijin na Kaduna da aka kafa a 1962 ya koma hannun tarayya. Kamfanin raya Arewa, NNDC, yana nan. Bankin Arewa ya narke cikin haɗakar bankuna. Masaƙun Kakuri sun yi shiru. Jaridar New Nigerian ta fara fita ranar 1 ga Janairu 1966, mako biyu kacal kafin a kashe wanda ya kafa ta. Ka kuma nemi bayani kan manufar mayar da aikin gwamnati hannun 'yan Arewa, wadda ta sa aka riƙa kwasar samari ana tura su kwas a Zariya da Ingila don su gaji kujerun Turawa. Titin Ali Akilu da ka biyo sunan ɗaya daga cikin manyan ma'aikatan nan ne, Sakataren Firimiya.

Daren 15 ga Janairu

Ka roƙi mai rakiyarka ya kai ka sashen da abin ya faru, ka kuma rage murya idan kun isa. Cikin watan azumi ne. Sardauna bai daɗe da dawowa daga Umara ba, kuma ranar Juma'a 14 ga wata Firimiyan Yamma Samuel Ladoke Akintola ya zo Kaduna sun gana. Manjo Chukwuma Kaduna Nzeogwu, ɗan ƙabilar Ibo, babban malami a kwalejin horon soja ta Kaduna, haifaffen garin ne kuma yana jin Hausa kamar jakin Kano, ya fito da sojoji da sunan atisayen dare da aka sa wa suna Damisa. Da yawa daga cikin ƙananan sojojin 'yan Arewa ne da ba su san inda aka dosa ba sai da aka iso. Aka buɗe wa gidan wuta, aka shiga, aka harbe Firimiya tare da uwargidansa Hafsatu.

A daren nan na juyin mulki, a Kaduna, an kashe Birgediya Samuel Ademulegun da matarsa, da Kanar Ralph Shodeinde. A Ibadan an kashe Akintola. A Ikko an ɗauke Tafawa Ɓalewa da Ministan Kuɗi Festus Okotie-Eboh aka kashe su, haka Birgediya Zakariya Maimalari da Kanar Kur Muhammad da Laftanar Kanar Abogo Largema da James Pam. Abin da ya biyo baya ba a cikin gidan nan yake ba, amma daga nan ya taso: kashe-kashen 'yan ƙabilar Ibo a garuruwan Arewa cikin 1966, juyin mulkin ramuwa na 29 ga Yuli, da yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970. Shi kansa Nzeogwu an kashe shi a fagen daga a Yulin 1967, kuma a maƙabartar sojoji ta Kaduna aka binne shi.

Na jero sunayen ne da gangan. Na sha jin mutum ya tsaya a irin wannan wuri ya buɗe baki da zagin ƙabila guda, da yara a gefensa suna ji. Jerin waɗanda suka mutu a daren, da na waɗanda suka mutu a watannin da suka biyo, ya fi ƙarfin wannan gajeren lissafi. Yi wa mamata addu'a yadda addininka ya koya maka. Ba wurin neman tabarruki ba ne, ba kuma wurin tsayawa a yi hoton dariya ba.

Abin da bangon ba zai faɗa da ƙarfi ba

Gidan mai mulki labarin mai mulki yake bayarwa, haka yake a ko'ina. A lokacin da ake yi wa Sardauna kirarin Gamji ɗan ƙwarai a nan, ana ɗaure 'yan NEPU a kotunan alƙalai saboda sun yi lacca ba izini ko sun ambaci sunan sarki. Hajiya Gambo Sawaba ta NEPU ta sha shiga kurkuku. NPC na cewa Salama da alamar fartanya, NEPU na cewa Sawaba da alamar tauraro, kuma tsakanin kalmomin nan biyu an fasa kawuna. A ƙasar Tibi, inda jam'iyyar UMBC ta Joseph Tarka ke da ƙarfi, an yi tarzoma a 1960 da 1964, an zubar da jini. Sarakunan ma ba su tsira ba: a 1963 Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na Ɗaya, jigo a NPC, ya sauka daga gadon sarauta bayan binciken kuɗin En'e, ya koma Azare.

Ka yi wa mai rakiyarka tambaya a kan waɗannan cikin ladabi. Ma'aikatan cibiyar masana tarihi ne, ba maroƙa ba, galibi sun fi jin daɗin mai irin wannan tambaya a kan mai gyaɗa kai. Idan kuma hali ya yi, ka haɗa ziyarar da ta Gidan Mumbayya a Gwammaja, Kano, gidan Malam Aminu, wanda shi ma yanzu cibiya ce a ƙarƙashin Jami'ar Bayero. Wanda ya ga ɗaya bai ga ɗayan ba, da kunne ɗaya ya ji shari'a.

Idan bincike ya kawo ka

Yadda gidan ya zama cibiya ma labari ne. Bayan Janar Gowon ya raba ƙasa jihohi 12 a watan Mayu 1967, Arewa ta zama shida, aka kafa hukumar riƙon ƙwarya mai kula da kadarorin da jihohin suka gada tare. A 1970 aka ba wani kwamiti aikin rubuta tarihin Arewa, aka ba shi wannan gida, daga baya cikin shekarun 1970 jami'a ta karɓa. Daraktan farko shi ne Farfesa Abdullahi Smith, Baturen Ingila da ya musulunta, wanda ya kafa sashen tarihi a Zariya ya kuma horar da irin su Dakta Yusufu Bala Usman. Ya rasu a 1984, kuma littattafansa na cikin tushen ɗakin karatun.

Ka zo da takardar gabatarwa daga sashenka ko wurin aikinka, da katin shaida. Ka rubuta batunka a jimla ɗaya, da shekarun da kake nema, kafin ka tsaya gaban ma'aikaci. "Ina bincike kan Sardauna" ba batu ba ne. "Ina neman abin da ya shafi makarantun 'yan mata a Lardin Zazzau daga 1955 zuwa 1965" shi ne batu, kuma mai wannan jimla cikin awa ɗaya an ɗora masa fayil a tebur. Nemi kundin jerin takardu ka duba da kanka. Rubuta lambar kowane fayil kafin ka buɗe shi, don ranar da malaminka zai ce "a ina ka samo wannan?" tana nan tafe. Yi amfani da fensir. Kada ka lasa yatsa don buɗe shafi, kada ka sauya jerin takardun da ka tarar, kada ka ɗauki hoto sai an ba ka izini. Akwai rubuce-rubucen Larabci da ajami, waɗanda ba a ɗinke suke ba, in ka hautsina warƙa ɗaya ka ɓata wa na bayanka shekara. Ka kuma tambayi tsofaffin jaridu: Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara a 1939, da Nigerian Citizen, da New Nigerian.

Abin da ba ka samu a nan ba, ka nufi Ma'ajiyar Takardun Ƙasa da ke Titin Yakubu Gowon. Can ne fayilolin larduna na zamanin Turawa suke, masu laƙabi irin su Kanoprof da Zarprof da Sokprof.

Idan ɗalibai za ka kai

Rubuta wa daraktan cibiyar takarda mako biyu kafin ranar, da adadin yara da ajinsu. Raba su rukuni-rukuni, kada su wuce goma sha biyar a bayan mai bayani ɗaya. Ba kowane yaro aiki: wannan ya samo sunayen ministoci uku da garuruwansu, wancan ya nemo hoto mafi tsufa, waccan ta ƙirga mata. Yaron da ke farautar amsa ba ya jingina da gilashi. Ruwan sha da abinci a bar su a mota.

Sauran yinin

In ka fito da azahar, Masallacin Sultan Bello yana nan Unguwar Sarki, ba nisa. Bayan salla ka tsallaka Gidan Tarihi na Ƙasa da ke Titin Ali Akilu, wanda ginin nasa tsohuwar hedikwatar NPC ce kafin a mayar da shi gidan tarihi a 1975, ka ga inda jam'iyya take bayan ka ga inda gwamnati take. Daga nan sai Lugard Hall mai ƙubba, inda Majalisar Wakilai da Majalisar Sarakunan Arewa suke zama a da. Yanzu Majalisar Dokokin Jihar Kaduna ce a ciki, saboda haka daga waje za ka kalla sai in kana da izini, kuma ka tambayi masu tsaro kafin ka ɗaga waya.

Idan da sauran rana, ka gangara bakin kogi, lambun Gamji da ake kira da sunan Janar Hassan Usman Katsina, gwamnan soja da ya karɓi Arewa bayan juyin mulkin. A ciki akwai wata ƙaramar gadar ƙarfe ta masu tafiya a ƙasa. A Zungeru aka fara kafa ta a 1904, lokacin can ne hedikwatar Gwamna Lugga, wato Lugard, kafin a dawo da babban birnin Arewa Kaduna a 1917. Daga baya aka kwance ta aka kawo nan. Mai komawa Abuja a jirgin yamma dai ya bar gadar sai wani zuwan, don cunkoson hanyar Rigasa bayan la'asar ba ya jiran kowa.